Yadda Ake Zaɓen Sinadarin Cire Fenti da Yadda Ake Aiki da Shi

Akwai hanyoyi uku da aka saba bi wajen raba tsohon fenti da abin da aka shafa shi a kai: ko a goge shi da samfefa, ko a gasa shi da na'urar hura iska mai zafi har ya yi laushi sannan a kankare, ko kuma a shafa masa sinadarin da zai narkar da shi ko ya ɗaga shi daga inda ya manne. Hanya ta uku ce ta fi dacewa da ƙofa mai sassaƙa, da kujera mai lanƙwashe-lanƙwashe, da ƙarfen taga mai lungu da saƙo, domin samfefa tana cinye gefuna masu kaifi ta baje adon da masassaƙi ya sha wahala a kansa, zafi kuwa yana babbaka katako, yana kuma iya fasa gilashin da ke kusa. Sai dai sinadaran da ake sayarwa da sunan masu cire fenti sun sha bamban ƙwarai, kuma wanda zai fito da ƙofar ƙarfe fes shi ne zai iya baƙanta teburin katako ta yadda gyara ba zai yiwu ba. Yawancin aikin da ya lalace yakan lalace ne tun kafin a buɗe gwangwani, saboda mai aikin ya dubi fentin da yake so ya cire, bai tsaya ya dubi abin da ke ƙarƙashinsa ba. Ragowar ɓarnar kuwa gaggawa ce ke kawo ta.

Gane fentin da abin da ke ƙarƙashinsa

Kafin a sayi komai, ya kamata a san irin fentin da ake fama da shi, kuma gwajin ba shi da wuya. A jiƙa auduga da sifirit a goga ta a wani wuri da ba a cika gani ba. Idan launin ya biyo audugar, fentin ruwa ne, kuma yawancin sinadarai masu sauƙi za su ɗaga shi. Idan audugar ta dawo da farinta, to fentin mai ne ko wani abin da ya fi shi tauri. Idan kuma shafin mai sheƙi ne da ake ganin katako ta cikinsa, sai ya yi danƙo ya fara narkewa da sifirit ɗin, to shelak ne, wanda sifirit kaɗai ya isa ya wanke shi ba tare da an nemi wani sinadari mai ƙarfi ba. Mafi taurin kai su ne fentin ifoksi da na foliyuritan da ake haɗa ruwa biyu kafin a shafa, domin bayan sun bushe ƙwayoyinsu sun riga sun sarƙe da juna, ba sa komawa ruwa, sai dai a kumbura su a ɓamɓare. Haka nan yana da kyau a yanka fentin a karkace da wuƙa mai kaifi a ƙirga shafi nawa ne a kan juna, tunda ƙofar da aka yi wa fenti sau biyu da wadda aka yi wa sau goma ba za su ci sinadari ɗaya ko lokaci ɗaya ba.

Idan ginin ko kayan tsoho ne, sai a yi maganar dalma. An daɗe ana zuba dalma a fenti domin ta ƙara masa launi da ƙarko da saurin bushewa, kuma ƙurarta guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara da jaririn da ke ciki. Amurka ta hana fentin dalma a gidaje a 1978, wasu ƙasashe sun yi hakan shekaru da yawa bayan nan, wasu kuma har yanzu dokarsu ba ta da ƙarfi, don haka ba a iya dogara da shekarun gini kaɗai. Akwai ɗan tsinken gwaji da ke canza launi idan ya taɓa dalma, amma dole a yanka fentin har ƙasa kafin a goga shi, saboda sau da yawa dalmar tana shafin farko ne, sababbin shafe-shafe sun rufe ta. Inda aka sami dalma, a ajiye samfefa gefe ɗaya. A nan sinadari ya fi kowace hanya, domin yana fitar da fentin a jiƙe ba tare da ya tada ƙura ba, ko da yake dagwalon da aka kankare yana nan da gubarsa.

Daga nan sai a koma kan abin da fentin ke zaune a kai. Katako ne, kuma wane iri? Ƙarfe ne ko alminiyam? Siminti ne, ko bulo, ko roba? Amsar wannan tambaya ce take fitar da rabin gwangwanayen da ke kan kanta daga lissafi.

Nau'o'in da ake samu

Nau'i na farko shi ne mai soda, irin sodar da ake haɗa sabulu da ita. Aikinsa a kan fentin mai kusan iri ɗaya ne da aikinta a tukunyar sabulu: tana cin man da ya riƙe fentin ta mayar da shi abu mai laushi da ruwa ke wankewa. Saboda haka yana da ƙarfi sosai a kan tsohon fentin mai da ya taru shafi bisa shafi, ba ya kama da wuta, kuma ba shi da tururi mai bugarwa. A kan fentin ruwa na zamani da ifoksi kuwa ba ya taɓuka abin kirki. Illarsa tana ga abin da ke ƙarƙashi. Katakon da ke da sinadarin tanin da yawa, wato sinadari mai bauri irin na bagaruwar jima, kamar icen ok (oak) da maɗaci, yakan yi duhu ko baƙi da zarar soda ta taɓa shi, kuma wannan baƙin yana shiga cikin naman katakon ne. Soda tana tada gashin katako, tana sassauta gam ɗin da ya riƙe gaɓoɓin kujera, tana ɗaga siririn fallen katako mai kyau da ake mannawa a saman tebur. Tana kuma cin alminiyam da ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, har ta fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Ni a ganina wurinta shi ne baƙin ƙarfe, da bangon bulo ko siminti, da katakon da za a sake rufewa da fenti. Duk katakon da ake so a bar kyan jikinsa a fili, a nisanta shi da ita.

Nau'i na biyu su ne masu narkarwa da sauri, kuma jagoransu shi ne metilin kiloraid, wanda a jikin gwangwani ake taƙaita sunansa da DCM. Shekaru da dama shi ne abin alfaharin masu wannan sana'a, domin ƙwayoyinsa ƙanana ne, suna ratsa fenti su kumbura shi ya yamutse cikin minti 15 zuwa 30, kuma ba ya canza launin katako. Amma yana tafasa ne a kan digiri 40 kacal na ma'aunin Salsiyos, wato a rana mai zafi yana ƙafewa tun yana kan buroshi, kuma tururinsa ya fi iska nauyi kusan ninki uku, sai ya kwanta a ƙasa ya taru a wurare masu zurfi. Hanci ba ya jin warinsa sai ya riga ya wuce adadin da jiki zai iya ɗauka lafiya. Idan ya shiga jiki, hanta tana mayar da wani ɓangarensa iskar kabon monoksayid, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi, abin da ya sa ya fi haɗari ga mai ciwon zuciya. An rasa rayuka ta dalilinsa, musamman na masu gyaran bahon wanka da ke sunkuyar da kai cikin bahon a ƙaramin ɗaki marar taga. Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana shi a 2009, kuma zuwa ƙarshen 2011 an daina sayar wa jama'a da shi a can. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta hana sayar da shi ga masu aikin gida a 2019, sannan a 2024 ta faɗaɗa hanin zuwa yawancin ayyukan sana'a. A ƙasashe da dama har yanzu yana kasuwa, wani lokaci a gwangwanin da bai bayyana abin da ke ciki ba, kuma shawarata ga wanda ba shi da horo da kayan numfashi na musamman ita ce ya ƙyale shi, komai saurinsa.

Cikin wannan nau'in akwai haɗin asiton da toluwin da metanol, wanda ke aiki da kyau a kan banis da fentin da bai yi kauri ba. Matsalarsa wuta ce, domin tururinsa yana bin ƙasa ya iske murhu ko tartsatsin lantarki a nesa ya kama. Metanol kuma yana ratsa fata, yana cutar da jijiyar gani.

Nau'i na uku su ne masu jinkiri, waɗanda suka cika kasuwa bayan an fara hana DCM. Wasu an gina su a kan benzil alkohol, wasu a kan sinadarin da ake taƙaitawa da NMP, wasu kuma a kan abubuwan da ake tacewa daga waken soya ko ɓawon lemo. Ba sa ƙafewa da wuri, NMP ma sai ya haura digiri 200 yake tafasa, don haka suna iya kwana a jiƙe a kan fenti suna ratsa shi sannu a hankali, kuma aikin da DCM ke yi a rabin awa su yakan ɗauke su awa 3 zuwa 24. A yi hattara da hoton ganye ko na lemo a jikin gwangwani, domin ƙamshi mai daɗi ba shaidar lafiya ba ce. NMP yana ratsa fata cikin sauƙi kuma an san yana cutar da jaririn da ke ciki, saboda haka mace mai juna biyu ko mai neman haihuwa kada ta taɓa shi, kada kuma ta zauna inda ake aiki da shi. Ga mai gyaran ƙofa ko kujera a gida, mai benzil alkohol wanda aka rubuta cewa ba shi da DCM ba shi da NMP shi ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali, muddin zai iya haƙurin jira.

Hanya mafi inganci ta sanin abin da ke cikin gwangwani ita ce takardar bayanan kariya da kamfani ke fitarwa ga kowane sinadari, wadda galibi ana samunta a intanet. Tana da sashe 16: na 3 yana faɗin abubuwan da aka haɗa, na 4 taimakon gaggawa, na 8 kayan kariyar da suka dace, na 13 kuma yadda ake zubar da shara. Batun kauri kuwa mai sauƙi ne: mai ruwa-ruwa na shimfiɗaɗɗen wuri ne da lungunan sassaƙa, mai kauri kamar man shafawa kuma na bango da ƙofar da ke tsaye, inda mai ruwa zai zurare kafin ya yi aiki.

Kare jiki da wurin aiki

Duk abin da za a iya cirewa a fitar da shi waje, a kwantar da shi a inuwa a kan wani abu da zai ɗaga shi zuwa ƙugu, domin kada fuska ta riƙa sunkuyawa cikin tururi. Idan dole ne a yi a cikin ɗaki, a buɗe taga da ƙofa masu fuskantar juna, a sa fanka a bayan mai aikin tana tura iskar waje, a kashe duk wata wuta, a fitar da yara da dabbobi. DCM ba ya saurin kamawa da wuta, amma idan tururinsa ya taɓa harshen wuta ko ƙarfe mai zafi yana rikiɗewa ya zama fosjin, iskar gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, don haka haramcin sigari da murhu ya shafe shi shi ma.

Siririyar safar hannu irin ta asibiti ba ta da amfani a nan, domin DCM da asiton suna ratsa ta cikin 'yan mintoci, sannan ta riƙe sinadarin a jikin fata. Safar robar butil mai kauri ta dace da asiton da NMP, DCM kuwa sai safa ta musamman mai falle-falle da aka yi dominsa, kuma sashe na 8 na takardar nan zai faɗi wadda ta dace. Tabarau ya zama mai rufe ido ta kowane gefe, musamman da mai soda, wanda ɗigonsa ɗaya ke iya makantarwa. Takunkumin ƙura ba ya tare tururi ko kaɗan. Takunkumin da ke da gwangwanin tace tururi yana taimakawa da yawancin sinadaran, ban da DCM da ke cika shi nan da nan. A ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa, idan abu ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15 sannan a je asibiti da gwangwanin a hannu. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ya bar aikin ya fita iska nan take.

Shafawa, jira da kankarewa

A fara da gwaji a wuri kamar faɗin tafin hannu a bayan ƙofar ko ƙarƙashin teburin. Wannan gwajin zai nuna ko sinadarin yana ɗaga fentin, da tsawon lokacin da yake buƙata, da kuma ko yana ɓata abin da ke ƙasa. A cire hannun ƙofa da makullai da duk wani abu na roba, a shimfiɗa kwali a kan leda mai kauri a ƙasa. Wajen buɗe gwangwani a ɗora tsumma a kan murfin a sassauta shi a hankali, fuska na gefe, saboda tururi yakan taru a ciki. A zuba abin da za a yi aiki da shi a wani gwangwanin ƙarfe mai faɗin baki, ban da na alminiyam idan mai soda ne, sannan a rufe babban.

Wajen shafawa ne mutane da yawa ke kuskure, domin hannun da ya saba da fenti yana so ya baza abu siriri ya yi ta kai da komowa da buroshi. Sinadarin cire fenti ɗora shi ake yi, da kauri kamar milimita 3, a ja buroshin sau ɗaya ta fuska ɗaya a bar shi. Dalili shi ne, masu saurin ƙafewa an zuba musu kakin kyandir wanda ke tasowa sama ya yi wata 'yar fata da ke hana sinadarin tashi, kuma duk komowar buroshi yaga wannan fatar take yi. Shafi siriri yana bushewa kafin ya kai shafin fenti na biyu, sai fentin da ya fara laushi ya sake taurarewa, a yi asarar sinadari da lokaci. Masu narkarwa da tsohon buroshi mai gashin dabba ake shafa su, domin na roba yana iya narkewa, mai soda kuwa da na roba, domin soda tana cin gashin dabba. Kada a shafa wurin da ya fi wanda za a iya kankarewa a zama ɗaya.

Bayan shafawa sai a rufe wurin da siririyar leda, a danna ta a fitar da iskar da ke ƙarƙashi. Wannan ƙaramar dabara tana ninka amfanin masu jinkiri, domin muddin sinadarin yana jiƙe yana kan aiki, da ya bushe kuma aikinsa ya tsaya. Rana mai ƙuna da iska mai kaɗawa suna busar da shi, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 kuma yana rage masa kuzari ƙwarai. Lokacin da aka rubuta a gwangwani kimantawa ce kawai. Abin dogaro shi ne a ɗaga gefen ledar a tura sikirefa a hankali: idan ta shige har ƙasa ba tare da an danna ba, lokaci ya yi, idan kuma shafin sama kaɗai ya taso, a mayar da ledar a ƙara jira, a ƙara sinadari a duk inda ya bushe. Wasu fentin ba sa yamutsewa ko kumbura, laushi kawai suke yi, saboda haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci.

Katakon da ya sha sinadari yana da laushi, kuma sikirefar ƙarfe mai kaifin kusurwa tana yi masa rauni mai zurfi. A yi amfani da ta roba mai tauri, ko a goge kusurwoyin ta ƙarfen su yi dunƙule, a riƙe ta a kwance, a tura ta bin tsawon jijiyar katakon. Lungunan sassaƙa ana bin su da buroshi mai gashin tagulla da tsinken katako mai fiƙe, ƙafar kujera mai zagaye kuma da igiya mai kaushi da ake ja gaba da baya a cikin tsagin. Soson ƙarfe yana barin ɓurɓushin da ke yin baƙin tabo a katako mai tanin idan ya haɗu da ruwa, don haka soson roba mai kaushi ya fi. Inda fenti ya ƙi fita, a sake shafawa a sake jira. Shafi biyu ko uku abu ne da aka saba a kan tsohon fenti, kuma ya fi a yi ta ƙoƙarin kankara da ƙarfin tsiya.

Wankewa kafin sabon fenti

Sabon fentin da ya ƙi bushewa ko ya fara ɓarewa bayan 'yan makonni, galibi ragowar sinadari ce a ƙarƙashinsa. Mai kakin kyandir yana barin santsin da sai an goge da tina ko abin da kamfanin ya ambata. Masu jinkiri da yawa ruwa ke wanke su, amma a kan kayan katako masu gam gara a matse tsumman sosai. Mai soda ya fi kowanne neman kulawa: bayan an ɗauraye sai a bi wurin da ruwan khal da aka sirka, ko maganin da kamfanin ya tanada, a sake ɗaurayewa, sannan a manna takardar gwajin pH, wadda ke nuna ko da sauran soda, a jikin wurin yana da danshi. Idan ta nuna kusan 7 an gama, idan ta nuna 9 ko sama a maimaita, domin sodar da ta rage za ta ci sabon fentin mai daga ƙasa kamar yadda ta ci tsohon. Ruwan khal ba ya dacewa da marmara da dutsen farar ƙasa, tsami yana cinsu.

Katakon da aka wanke da ruwa yana buƙatar kwanaki a inuwa mai iska, kuma mai na'urar auna danshi ya jira ta nuna kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka, sannan a bi shi da samfefa mai laushi a kwantar da gashin da ya tashi. Bangon bulo da siminti sun fi haka daɗewa. Ƙarfe kuwa akasin haka ne, domin tsatsa tana fara hawansa cikin 'yan awoyi, don haka a busar da shi nan take a shafa masa fentin farko mai hana tsatsa a ranar.

Dagwalon da aka kankare a tara shi a gwangwanin ƙarfe mai murfi, kada a zuba shi a magudanar ruwa ko a ƙasa, kada kuma a ƙona shi, musamman idan gwaji ya nuna dalma. Tsummokaran da suka sha sinadari mai kamawa da wuta a shanya su ɗaya-ɗaya a waje, nesa da wuta da hannun yara, har su bushe kafin a haɗa su da sauran sharar, sannan a miƙa duka ga inda hukumar yankin ta tanada don shara mai guba. Tufafin aikin a wanke su daban da na iyali, ragowar sinadarin kuma a bar shi a gwangwaninsa na asali mai rubutu, a rufe shi gam a ajiye a wuri mai sanyi da ake kullewa.